Rumbu Ya Cika, Zumunci Fa?

Yau tambaya ɗaya nake so mu tattauna: wa muke tara wa abin da muke tarawa?

Ke da kike zaune a Barkiya, ko Kurfi, ko ƙauyukan Dutsin-Ma, ba sai an gaya miki yadda damina take ba. Daga ruwan shuka zuwa kaka babu hutu. Maigida ya yi sammakon gona, ke kuma ga daka, ga fura, ga abincin 'yan aiki, ga yara. Ana gama noman firi sai maimai, ana yanke gero sai roron wake. A cikin wannan hidima sai ki ji an ce gwaggonki ba ta da lafiya, ki ce "sai an sami sarari." Har kaka ta wuce sararin bai samu ba, wani lokaci ma sai gaisuwar rasuwa ce za ta kai ki gidan. To, ina amfanin amfanin gonar da ya raba ki da naki? Zumunci dai a ƙafa yake.

Idan hatsi ya zo gida kuma sai wata jarrabawar ta taso. Ranar Laraba an nufi kasuwar Dutsin-Ma da buhu, an dawo da atamfa da kayan jere, don kada wance ta fi ki. Alhali a bayan katangarki akwai gwauruwa da marayu, wadda tun watan Agusta, lokacin marka, ta daina ɗora tukunya sau biyu. A 'yan shekarun nan ma matsalar 'yan bindiga ta raba mutane da yawa na yankin Safana da Batsari da gonakinsu. Wasu 'yan uwanmu ne na jini, da rumbunsu suka kwana, suka wayi gari a gidan wani.

Na san za ki ce, "Malama, ai tanadi ba laifi ba ne, ni ma ina da 'ya'ya." Gaskiyarki. Waɗanda suka ga farin 1973 ba za su yi wasa da hatsi ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, don kada magadansa su koma bara. Annabi Yusufu (AS) ma shekara bakwai ya yi yana ajiyar hatsi a Masar. Amma duba ki gani: da yunwa ta zo, buɗe rumbunan ya yi, har 'yan uwansa da suka jefa shi rijiya suka samu. Ajiyarsa domin mutane ce.

Ki gwada wannan da masu gonar da aka ba da labarinsu a Suratul Ƙalam. Sun ƙulla cewa za su yi sammako su girbe kafin miskinai su farka. Suna barci bala'i ya shafe gonar. Su ma ajiya suka nufa, amma niyya ta bambanta. Ashe ba cikar rumbu ne abin tambaya ba, a'a, ko ƙofarsa tana buɗuwa.

Shari'a ta sauƙaƙa mana lissafi. Gero ko dawa idan ya kai nisabi, wato sa'i 300, ana fitar da kashi 1 cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar. Mai ban ruwa da inji, kamar masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe, kashi 1 cikin 20 ne a kansa. Ki tuna wa maigida cikin ladabi tun dammunan suna gona, kafin ido ya saba da su. Wannan haƙƙi ne, ba kyauta ba. Kyauta tana bayansa: kwanon tuwo ga maƙwabciya, barin masu kala su yi kalarsu ba tsangwama, tiya ɗaya ga surukarki ba tare da gori ba. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa matar da ta ciyar daga abincin gidanta ba da ɓarna ba tana da lada, mijinta ma yana da nasa. Sai dai ki yi da saninsa da yardarsa.

Iyayenmu sun fi mu gane wannan. Da gayya suke nome gonar mara lafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kayan ɗakinsu ba su kai namu ba, amma baƙo bai kwana da yunwa a zaurensu.

'Yar uwa, atamfa tana koɗewa, hatsi ƙwari na ci, akuya tana ɓata dare ɗaya. Ranar da ciwo ya kwantar da ke, ba kwanonin jere ne za su riƙe miki yara ba, mutanen da kika riƙe ne. Kafin kakar bana ta wuce, ki zaɓi gida ɗaya da kika daɗe ba ki taka ba, ki ɗauki ɗan abin da ya sawwaƙa ki je.

Allah Ya sa albarka a abin da muka noma, Ya raba mu da rowa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.