Shin Lamiri Yana Tafiya Hutu?

Kowace shekara daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, birnin Munich na ƙasar Jamus yakan cika ya batse saboda bikin giya da ake kira Oktoberfest. Mutane wajen miliyan 6 sukan hallara cikin mako biyu da 'yan kwanaki, da yawansu baƙi ne masu yawon buɗe ido. Tun da 'ya'yanmu suna zuwa Turai karatu da aiki, ya dace mu tambayi kanmu: yaya Kirista zai shiga irin wannan taro?

Asalin bikin aure ne. A ranar 12 ga Oktoba, 1810, Yarima Ludwig na Bavariya ya auri Gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari shagali a filin da har yau yake ɗauke da sunanta. Kamfanoni shida na birnin ne kaɗai ke sayar da giya a can, biyu daga cikinsu kuwa, Augustiner da Paulaner, sufaye ne suka fara su. Saboda haka ba za mu ce murna ko abin sha mugun abu ne ba. Ubangijinmu da kansa ya halarci bikin aure a Kana, ya mai da ruwa ruwan inabi. Abin da Ikilisiya ta hana shi ne buguwa, domin tana kwaɓe wa mutum hankalin da Allah ya ɗaukaka shi da shi.

Amma baƙo yana da jarrabar da ɗan gari ba shi da ita. Ɗan gari yakan zo da iyalinsa, ya ci gasasshiyar kaza, ya koma gida inda maƙwabta suka san shi. Baƙo kuwa yakan ce a ransa: na biya kuɗin jirgi, ba wanda ya san ni, gobe na tafi. Kofin giyar lita ɗaya ne cur, ta kuma fi ta kullum ƙarfi. Kafin rana ta faɗi, sai ka ga mutane kwance a kan ciyawa ba su san inda kansu yake ba, ma'aikatan jinya suna ɗaukar waɗansu.

A nan ne gaskiyar halinmu take fitowa. In idon dangi da na katikis ne kaɗai ke hana mu wuce gona da iri, to, ba kamun kai muke da shi ba, tsoron abin kunya ne. Kamun kai na gaskiya, kamar yadda Waliyyi Toma Akwinas ya koyar, hali ne da ya zauna cikin mutum. Hausawa ma sun ce hali zanen dutse. Matar da ke ɗauko kofuna masu nauyi tun safe har dare maƙwabciyarmu ce, ba abin yi wa wasan banza ba. Kuɗin da aka zubar a rumfa kuma wataƙila na makarantar yaro ne a gida.

Ba sai mun ƙetare teku za mu gamu da wannan gwaji ba. Wanda ya je kasuwar wani ƙauye ya zauna gaban tukunyar burkutu, shi ma baƙo ne. Mu je biki, mu ga al'adun mutane, mu gode wa Allah. Amma mu tashi da hankalinmu, yadda za mu iya ba iyalinmu labarin komai ba tare da ɓoye wani sashe ba. Allah ya ba mu alherin yin haka. Amin.