Rufin Asiri Ko Ha'incin Amana?

Tambayar wannan mako ita ce: uban da ya gane ɗansa ya fara shaye-shaye, ya yi shiru don gudun abin kunya, rufin asiri ya yi ko kuwa ha'inci?

Malamai sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare. Saboda haka hukuncin maye bai tsaya kan giya da burkutu ba, ya haɗa da wiwi da sholisho da ƙwayar tiramol da ruwan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. To, amma doka ba ta kwana a ɗakin samari. Yaron Achika da ya tafi kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya yi dako ko kora shanu ya sami 'yan kuɗinsa, babu jami'in NDLEA ko na Hisba da zai san inda ya kashe su. Wanda zai lura da jan ido, da barcin rana, da barin sallar asuba, da sababbin abokai, shi ne wanda ke cin tuwo tare da shi.

Rufin asirin da addini ya yaba shi ne hana labari fita waje, tare da tashi tsaye kan gyara a cikin gida. Shirun da ya bar cuta tana ci, girman uba kawai ya tsare.

Wasu kuwa sukan wuce iyaka ta ɗaya gefen: duka, da tsinuwa, da kora, ko kai yaro gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ya isa ishara. Ai ita kanta giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. A hankali hukuncin ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, sannan Ma'ida, sai da zukata suka shirya. Yaron da aka kora kuwa, wurin dillalin zai kwana.

Uba ya zaunar da shi su biyu bayan isha'i, ya tambaye shi ba da tsawa ba. Uwa ta daina ɓoye wa maigida. In abin ya kama jiki, a kai shi asibitin Dawanau a Kano, a haɗa magani da addu'a.