Ɗana Ya Fara Shan Giya, Mahaifinsa Ya Rantse Zai Kore Shi

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 ya shigo da dare yana warin giya, kuma na tsinci ledojinta a aljihunsa. Mahaifinsa ya rantse sai ya yi masa bulala tamanin, ya tsine masa, ya kore shi. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Baiwar Allah, Allah Ya sanyaya muku zuciya, Ya shirya shi.

Haramcin giya babu saɓani a kansa, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa ke nan, ko ta leda ce, ko burkutu, ko kodin.

Amma ki gaya wa maigida cewa bulala tamanin haddi ne, kuma haddi aikin alƙali ne, bayan an tabbatar da laifin da balagar mai shi. Uba ba ya tsayar da haddi a tsakar gidansa. Nasa shi ne ladabtarwa wadda ba ta raunata jiki.

Tsinuwar ce ta fi tayar mini da hankali. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da ake ta kawowa gaban Manzon Allah (SAW) kan shan giya. Rannan wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, har ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. Babban mutum ke nan da aka hukunta ba sau ɗaya ba, ina ga yaro da ya fara jiya? Muslim kuma ya ruwaito hani ga yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, don kada ta dace da lokacin amsawa. Bakin iyaye kaifi gare shi. Korar kuwa miƙa shi ce ga waɗanda suka koya masa, domin can zai kwana. Rantsuwar maigida ya karya ta, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. In ba hali, azumin kwana uku.

Ku zaunar da shi bayan ya wartsake, ba gaban ƙannensa ba. Ku ji wa ke ba shi, da kuɗin wa yake saye, me ke damunsa. Ku tsuke kuɗin kashewa, ku san abokansa, kada labarin ya fita unguwa. Kada ya bar salla ko da ya sake sha, tana nan wajibi a kansa.

In ya riga ya kamu har jikinsa na rawa idan bai sha ba, a kai shi asibiti, domin yanke giyar farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Ban yarda a kai shi gidan mari a sa masa sarƙa ba.

Ya zauna a gidan ubansa, ku ci gaba da yi masa addu'ar shiriya. Wallahu a'alamu.