Gonar Gado: Ta Mai Noma Ce Ko Ta Mai Tunawa?

Sanin kowa ne cewa yawancin filayen da muke zaune a kansu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, can baya gonaki ne. Inda aka yi shukar gero da dawa, yau bulo ne da kwalta. Kowane fuloti kuwa akwai gidan da aka yi muhawara kafin a sallama shi.

To, a ce ɗayanmu ya ɗauki alƙalami zai rubuta labarin irin wannan gida. Uba ya rasu, gandu ya watse, an zo rabon gado. Wa yana ƙauye, shi ya sha rana da fartanya, yana son a sayar don ya biya bashi ya aurar da 'ya'ya. Ƙane ma'aikaci ne a birni, ya ce atafau ba za a sayar da inda aka binne cibiyarsa ba. Wa ke da gaskiya?

Abin da ya fi sauƙi shi ne mu mayar da wan maci amana, ƙanen kuma mai kishin asali, domin galibinmu marubuta irin ƙanen ne. Amma mu tuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zuwa gona sau ɗaya a shekara, da kaka, inuwar ɗorawa kawai yake tunawa. Wanda ya zauna yana tuna farin 1973 da rumbun da ya wayi gari fayau.

Littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya gargaɗi matasa game da gudun ƙauye zuwa birni. Mu kuwa birnin ne ya taka har bakin gonarmu, saboda haka tambayarmu ta sha bamban da tasa.

A ganinmu, tunawa da asali ba ta ba mutum ikon ɗaure ɗan'uwansa a cikin talauci. Wanda yake son gona ta tsaya, sai ya ɗauki rabonsa na wahalarta, ko da kuɗin taki ne. Shi kuma marubuci, wajibinsa ne ya saurari kowane ɓangare kafin ya yanke hukunci, kamar yadda ake buƙata ga alƙali, domin jikokin wan da na ƙanen duk za su karanta. Allah Ya sa mu yi adalci, amin.