Laifin Inji, Hukuncin Direba

A watan Satumba na shekarar 2005, a filin tseren motoci na Monza da ke Italiya, Kimi Räikkönen ya fi kowa gudu a gwajin neman gurbi na ranar Asabar. Bisa al'ada, shi ya kamata ya tsaya a sahun farko ranar tsere. Sai dai injin motarsa ta McLaren ya sami matsala tun kafin gwajin, aka sauya masa wani, doka kuwa ta ce duk wanda aka yi wa haka a mayar da shi baya da gurbi goma. Daga na goma sha ɗaya ya tashi, ya ƙare a na huɗu. A ƙarshen kakar, shi da Fernando Alonso kowa ya lashe tsere bakwai, amma Alonso ne ya ɗauki kambin.

Tun da na karanta wannan labari ina ɗalibi, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: shin adalci ne a hukunta mutum a kan abin da ba hannunsa ya aikata ba?

Kafin a amsa, ya kamata a san dalilin dokar. A shekarun 1980, manyan kamfanonin gasar Formula 1 sukan ƙera inji na musamman domin gwajin neman gurbi kawai, mai ƙarfin doki fiye da dubu, wanda ba ya wuce 'yan zagaye kafin a cire shi. Mai kuɗi ya ƙona inji ya ɗauko sabo, marar kuɗi ya lallaɓa nasa. Hukumar FIA mai kula da gasar ta fara taka wa wannan almubazzaranci birki a 2004, inda ta ce inji ɗaya zai yi wa direba gwaji da tsere a kowane ƙarshen mako. A 2005 aka ce ya yi tsere biyu. A 2009 aka ƙayyade inji takwas a kaka, a 2018 kuma aka sauko zuwa uku, alhali tsere 21 ne a shekarar.

Masu sukar dokar suna da hujja mai nauyi. Direba ba shi ya narka ƙarfe ba, ba shi ya ɗaura fistin ba. Wani lokaci ma hukuncin yakan zama abin dariya: a tseren Beljiyam na 2015, an yanke wa direbobin McLaren biyu komawa baya da gurbi 105 jimilla, a tseren da motocinsa ba su wuce ashirin ba. Na daɗe ina tare da masu wannan ra'ayi.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne wata tambayar da na yi wa kaina: ranar da inji ya yi lafiya, wa ake ɗagawa sama? Direba ne ke hawa dandamali, sunansa ake rubutawa a tarihi, alhali ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai sun kwana ba barci domin motar ta yi gudun da ta yi. Ban taɓa jin direban da ya mayar da kofi yana cewa gudun na inji ne ba nasa ba. To, wanda ya karɓi yabo a kan aikin jama'a, ba shi da bakin cewa a ware shi ranar da aikin ya ɓaci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Räikkönen ya ci moriyar injin da ya kai shi ga nasara bakwai. Raunin injin ma rabonsa ne.

Ban da haka, dokar ta sauya ma'anar gwaninta. Da can, abin tambaya shi ne wane inji ya fi gudu yau. Yanzu ana tambayar wanne zai yi gudu yau, ya kuma kai wata biyu yana yi. Wannan ma'auni ya fi kusa da yadda muke auna mutane, domin amana da haƙuri sai an daɗe ake gane su.

Duk da haka, akwai inda dokar take da rauni, kuma ba a wurin da masu suka ke nunawa ba ne. A tseren Brazil na 2021, Mercedes ta sa wa Lewis Hamilton sabon inji, ta karɓi hukuncin gurbi biyar, kuma ya lashe tseren. Ba a karya doka ba, amma hukuncin ya koma tamkar farashi, mai hali ya biya ya wuce. Idan akwai gyaran da dokar ke buƙata, a nan yake: a tabbatar nauyinta ya hau kan babba kamar yadda yake hawa kan ƙarami.

Amma a raba direba da makomar injinsa, wannan ban yarda da shi ba. Ni da na fito daga jami'a ina shirin shiga aiki cikin jama'a, na san wata rana za a yabe ni a kan ƙoƙarin wasu, wata rana kuma a tuhume ni a kan kuskurensu. Idan na miƙa hannu na karɓi na farkon, ba ni da hujjar janye shi a na biyun.