Aikin da Ya Saura Bayan Rai

A shekarar 1897 wani Bajamushe masanin sinadarai, Eduard Buchner, ya niƙa yisti da yashi har ƙwayoyinsa suka farfashe, ya matse ruwan, ya zuba masa sukari don kada ya lalace. Sai ga kumfa na tasowa. Ruwan yana juya sukarin zuwa barasa, alhali babu ƙwaya ɗaya mai rai a cikinsa. A wancan zamani koyarwar Louis Pasteur ce ke da rinjaye, cewa irin wannan tsimuwa ba ta yiwuwa sai da rai. Buchner ya karɓi kyautar Nobel a 1907, ya kuma bar mana tambayar da nake so in tsaya a kanta: idan aikin mai rai yana ci gaba bayan ran ya tafi, mene ne ainihin abin da ya tafi?

Tambayar ta ƙara nauyi da aka gane cewa furotin ma, wanda shi ne tubalin jiki kuma ma'aikacinsa, ana iya haɗa shi haka. Ana fasa ƙwayoyin bakteriyar E. coli, ko tsiron alkama, ko jajayen ƙwayoyin jinin zomo da ba su ƙosa ba, a tsame tarkacen, a bar ruwan da ke ɗauke da 'yan injunan da ake kira ribozom. Idan aka zuba masa amino asid da sinadaran kuzari da umarnin gado, sai ya shiga saƙa furotin cikin sa'o'i kaɗan. Da irin wannan ruwa Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka karanta kalma ta farko a rubutun gado a Amurka, a watan Mayun 1961. Nirenberg ya sami Nobel a 1968. Matthaei bai samu ba, wanda hakan ma wata tambayar ce ta adalci. A 2001 kuwa, masana a Jami'ar Tokiyo suka harhaɗa tsarin daga sassa tsarkakakku da suka ware ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yi aiki.

Wasu na ɗaukar wannan hujjar cewa rai suna ne kawai da muka laƙaba wa tarin sinadarai. Ban yarda ba. Ruwan nan yana aiki, amma ba ya gyara kansa, ba ya neman abinci, ba ya haihuwa. Kuzarinsa na ƙarewa sai ya tsaya, kuma tsayawar ba ta dame shi ba. Ƙwaya mai rai kuwa duk abin da take yi, tana yi ne don ta wanzu. Abin da ya tafi ke nan a turmin Buchner: mai aikin da ke da wata buƙata tasa ta kansa.

A nan ne nake ganin batun ya shiga fagen ɗabi'a, domin wannan rashin buƙata shi ne ainihin abin da mai bincike ke so. Bakteriya mai rai ma'aikaciya ce mai gardama. Ka ba ta umarnin furotin da zai huda fatarta, ta mutu kafin ta gama. Ka ba ta baƙon furotin, ta dunƙule shi ya zama shara, ko ta karkatar da abincin zuwa girmanta. Ruwan da babu rai ba ya musu. Alherin da ke cikin hakan a fili yake. Furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, cutar da ke cinye yaranmu kowace damina, yana da wuyar samuwa a cikin bakteriya, amma masana a Jami'ar Ehime ta Japan sun samar da ire-irensa masu yawa da ruwan tsiron alkama, don neman abin da za a gina rigakafi a kansa. A 2014 ɗakin binciken James Collins a Amurka ya busar da irin wannan ruwa a kan takarda, ta yadda za a ajiye shi ba firji, ɗigon ruwa ya tashe shi; a 2016 suka mayar da ita takardar gwajin cutar Zika mai sauya launi.

To amma gardamar ƙwaya mai rai, ko da ba ta san tana yi ba, wani shinge ce. Akwai guba da ba ta iya haɗawa, saboda gubar ita za ta fara kashewa. Da aka cire ran, shingen ya tafi tare da shi. Ba na cewa a mayar da shi, don shinge ne makaho da ke hana magani kamar yadda yake hana dafi. Abin da nake cewa shi ne, ƙin da a da yake cikin halittar yanzu ya koma wuyan mutum: mai rubuta umarnin, da kamfanin da ke sayar masa da DNA ɗin, da kwamitin da ya sa hannu a kan binciken. Shi ya sa manyan kamfanonin da ke haɗa DNA suke tantance abin da aka yi oda da wanda ya yi odar kafin su aika, ko da yake a ƙasashe da yawa wannan tantancewa ganin dama ce, doka ba ta tilasta ta ba.