Amanar Abin da Ido Bai Gani Ba

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kaya ke ta ƙaruwa, har aka keɓe Bompai don masana'antu, daga baya Sharada da Challawa suka biyo. Fatun da ake jemewa a Challawa da sauran kayan waɗannan wurare, manyan motoci ke ɗaukarsu. Saboda haka arzikin mutane da yawa ya rataya a wuyan makaniki.

Ga wata matsala da ta isa a tsaya a kanta. Makaniki ya kwance injin, ya gyara, ya ɗaure. Bayan kwana biyu mota ta dawo tana ƙwanƙwasa, tana hayaƙi, ƙarfinta ya ragu. Ya buɗe, sai ya iske wani ɗan noti a kan fistin, ya kuwa gane nasa ne, ya faɗa ta hanyar iska sa'ad da ya bar ta a buɗe. Ba wanda ya gani. Shin ya faɗa wa mai mota, ko ya yi shiru?

Kafin mu yanke hukunci sai mu san girman ɓarnar. Injin gas ba ya amfani da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da zai kunna mai, don haka in ya kai ƙarshen hawansa, abin da ya rage tsakaninsa da kan injin bai fi kaurin tsinke ba. In injin yana juyi 1,500 a minti, fistin yana hawa sau 25 a daƙiƙa, kowane hawa kuwa sai ya daki notin nan. Nan da nan kan fistin ya farfashe, bawul ya lanƙwashe, jikin silinda ya karce. Gwani yakan tsai da man silinda ɗaya bayan ɗaya, ya saurari ƙarar, ya auna matsin iska, sa'an nan ya kwance. Bayan ya sāke fistin da ringi da bawul, wajibi ne ya share hanyar iska sarai, gama ɓarɓashi guda in ya saura, aikin ya koma baya.

To, mai son yin shiru yana da hujja. Zai ce ƙarfe yakan karye da kansa, ƙurar hunturu ma tana cin silinda, mai mota kuwa ya fi shi ƙarfin aljihu, kuɗin fistin ɗaya ya isa ya cinye abin da ya samu a wata. Ba ƙarya ya yi ba, in ji shi, bakinsa kawai ya kama.

Amma wannan hujja ba ta tsaya ba. Mai mota bai ba shi kuɗi don ƙarfin hannunsa kaɗai ba. Ya ba shi ne don ya zama idonsa a inda nasa idon ba ya kaiwa. Wanda aka aika ya gano, ya dawo ya yi shiru, ai ya ci amanar aiken. Banda wannan, laifin da ya ƙi ɗauka ba ya ɓacewa, kan wani yake sauka. Direba za a ce ya yi ganganci, a yanke masa albashi ko a karɓe makulli, alhali yana da iyali.

Ba kuma mu ce a tsananta wa wanda ya faɗi gaskiya ba. Kuskure daban, ha'inci daban. In mai mota ya kai shi ƙara ko ya ci mutuncinsa, ya koya wa dukan yaran garejin cewa ɓoyewa ta fi. Abin da ya kamata shi ne a yi sulhu, makaniki ya yafe ladan aiki, a raba kuɗin kaya gwargwadon hali.

Wannan magana ta shafi magini da ke binne harsashi, da akawu da ke riƙe da littafin kuɗi, da duk wanda aikinsa ke rufe. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.